Daga biro zuwa gindin bedi: ma'aikatan da suka koma dillancin gidaje da filaye

Duk wanda ya ratsa unguwar Zariya a Maraɗi, ko ya zaga Lazare da Banifandu a Yamai, ba zai rasa ganin alluna jingine da bango ko da gindin bedi ba, an rubuce su da alli: ɗaki biyu da falo, akwai ruwa da wuta, shago a bakin titi, fili mai murabba'in mita 400, takarda a hannu. Mai lura zai ga wani abu kuma. Wasu allunan rubutunsu a karkace yake, kamar kaza ta yi tono. Wasu kuwa an ja musu layi, kalmomi sun jeru, babu kuskure ko na wasali ɗaya. Wannan hannu ba a kasuwa aka koye shi ba. Hannun mushe ne da ya yi shekaru yana rubuta kwanan wata a saman allon aji, ko na akawun da ya tsufa wajen cika rajista. Mai shi yana nan kusa, zaune bisa benci, da tarin mabuɗai a aljihu da babur a gefe. Jiya ma'aikaci ne, yau dillali.

A zamanin da uraniyom ke da daraja, a ƙarshen shekarun 1970, babu uban da zai so a ce ɗansa mai takardar lakkwal ya ƙare a dillanci. Ɗan da ya sami lambar aikin gwamnati ya tsira, shi da danginsa. Amma al'amarin bai ɗore ba. Farashin uraniyom ya faɗi, baitulmali ya bushe, kuma tun ƙarshen shekarun 1980 gwamnati da kanta ta shiga lallashin ma'aikata su ajiye aiki don raɗin kansu, a ba su ɗan jari su je su nemi na kansu. A 1990 aka rufe bankin BDRN. Babban taron ƙasa na 1991 ya kawo ƴancin faɗar albarkacin baki, amma bai kawo kuɗin biyan albashi ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsalle, albashi kuwa yana inda yake, in ma ya zo. Waɗanda suka yi aiki a waɗannan shekaru ba su manta da watannin da aka riƙa tara musu bashin albashi ba, har mai shagon unguwa ya daina buɗe musu littafi.

Daga cikin wannan ƙunci ne ma'aikata da yawa suka san hanyar kasuwar filaye, kuma gwamnati ce ta nuna musu ita. A farkon shekarun 2000, zamanin Shugaba Tanja Mamadu, an fito da dabarar biyan bashin albashi da filaye: wanda ke bin gwamnati watanni, sai a ba shi parsal a wani sabon yanki a bakin gari. Mutumin da ke da bashin hatsi da na haya a wuya ba ya da halin gini a dajin da ba ruwa ba wuta. Da yawa sun sayar da takardunsu nan take, wasu da arahar da har yau in sun tuna sai su girgiza kai. A cikin kowane ofis kuwa an sami mutum ɗaya ko biyu da suka san wane abokin aiki ne ke neman sayarwa, suka kuma san wane alhaji ne ke da kuɗi a ajiye. Haɗa waɗannan biyu shi ne dillanci. Wanda ya ɗanɗana la'adar rana ɗaya, ya ga ta kai albashin wata, da wuya ya sake kallon teburinsa da idon da. Daga baya wani ayarin ya biyo: malaman kwantaragi, musamman bayan jarrabawar tantancewa ta 2017, wadda ta raba dubbai daga cikinsu da aji.

Me ya sa ƙasa, ba shinkafa ko atamfa ba? Dalili na farko shi ne dillanci ba ya neman jari. Na biyu kuwa, garuruwa na kumbura. A ƙidayar 1988 mutanen Yamai ba su cika 400.000 ba, a ta 2012 sun haura miliyan ɗaya. A tsakanin ƙidayoyin nan biyu Maraɗi ta tashi daga wajen 110.000 zuwa sama da 260.000, Damagaram daga wajen 120.000 zuwa sama da 230.000. Jami'o'in da aka kafa a Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010 sun kawo malamai da ɗalibai masu neman ɗaki, matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011 ta kawo nata baƙin. Ga kuma tsohuwar ɗabi'ar attajiran ƙasar nan: in ciniki ya yi kyau, ribar ba banki take kwana ba, ƙasa ake binne ta. Wanda ya ga an rufe banki da idonsa, ya ga takardar kuɗi ta rasa rabin ƙarfinta cikin dare ɗaya, ba sai an yi masa wa'azi a kan amfanin fili ba.

Mai sanin gida da mai sanin takarda

Sabon shiga ba fili ya tarar a share ba. Dillanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, ta girmi biro da lakkwal. A karar shanu, a rumfar ƴan goro, a wajen ƴan fata, dillali shi ne ke tsayawa tsakanin baƙo da ɗan gari, ya ji «albarka» sau goma bai yi fushi ba, har a kai ga «na sallama». Tsohon dillalin gidaje na Birni ko Zango a Damagaram, ko na Bagalam da Limanci a Maraɗi, bai taɓa riƙe tsarin gari a takarda ba, amma ya san wane ne ya gina kowane soro, mata nawa ya bari, ƴaƴa nawa, wane ɗa ne ke Legas ba a shawarce shi ba, wane bango ne aka taɓa kai ƙararsa gaban sarki. Wannan ilimi ba a sayensa, ba a kuma karanta shi cikin wata shida.

Abin da tsohon ma'aikaci ya zo da shi daban ne: ya san takarda, ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, ya san ba kowane tambari ne tambari ba. Kuma a kasuwar filaye ta yau wannan ba ƙaramin makami ba ne, domin takardun ba ɗaya suke ba, ko da yake mai saye da yawa duk «takarda» yake ce musu.

Ta ƙasa ita ce shaidar mallakar gargajiya, wadda mai gari ko hakimi ke sa wa hannu a kan gona. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma kafa kwamitocin kula da filaye da aka fi sani da COFO. Amma gona ba parsal ba ce. Ranar da aka zo yanka unguwa, tsarin gari zai iya bi ta tsakiyar gonar da titi, ko ya mai da ita filin makaranta, mai ita ya tashi da wani kaso kawai na filayen da aka yanka. Wanda ya sayi kusurwar gona a bakin gari da fatan gobe ta zama gida, caca ya yi, ko ya sani ko bai sani ba. Sama da wannan akwai «acte de cession», takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan an yanka fili bisa tsari, mai ɗauke da sunan yankin da lambar rukuni da harafin parsal. Ita ce ta fi yawa a hannun jama'a, ita ce kuma aka fi yi wa jabu. Ta can sama ita ce «titre foncier», wadda asalinta ke komawa ga dokar Turawan mulkin mallaka ta ranar 26 ga Yuli 1932, ita ce banki ke karɓa jingina ba da gardama ba. Saboda tsadarta da tsawon hanyarta mutane sun daɗe suna gudunta, shi ya sa a 2006 aka fito da hanya mai sauƙi da aka laƙaba wa suna «Sheda».

Dillalin da ya san aikinsa ba ya tsayawa ga kyan takarda. Zai ɗauki lambar ya je ma'aikatar magajin gari, sashen filaye, ya duba ko sunan da ke rajista shi ne na mai sayarwa, ko an taɓa juya takardar zuwa wani suna, ko an taɓa cewa ta ɓata aka fitar da kwafi. Wannan na ƙarshe shi ne ramin da mutane suka fi faɗawa: mutum ya sayar da fili da takardar asali, ya koma ya ce ta ɓace, ya karɓi kwafi, ya sake sayarwa. Sai ranar da mai saye na biyu ya sauke tifar yashi ne na farko zai bayyana. Bayan rajista kuma sai a je filin da ƙafa, tare da ma'auni, a nemo duwatsun iyaka huɗu, domin an sha nuna wa baƙo fili mai kyau a bakin hanya alhali lambar da ke takardarsa ta wani kwazazzabo ce a can baya. Tun watan Afrilu na 2024, da aka rusa majalisun gundumomi aka naɗa kantomomi, masu sa hannu sun canja, amma rajistocin su ne dai na da, da gaskiyarsu da kurakuransu.

A nan ne ake gane bambancin mai sana'a da mai neman na cefane. Binciken nan yana cin kwanaki, yana cin man babur, kuma sau da yawa ƙarshensa shi ne a ce wa mai saye ya haƙura. Wato dillali ya yi wahala don ya hana kansa la'ada.

Lissafin aljihu

Labarin da ke jan ma'aikata shi ne na wane da ya sayar da gida ɗaya ya sayi mota. Ba a cika ba da labarin sauran watannin ba. A ce an sayar da fili a kan miliyan 3, aka yi jinga a kan kashi 5 cikin ɗari, kamar yadda aka saba ji. La'ada ta kama jika 150. Ga malamin kwantaragi wannan kuɗi ne na gaske. Sai dai da wuya cinikin ya kasance na mutum ɗaya. Akwai wanda ya san mai filin, akwai wanda ya ji daga gare shi, akwai wanda ya kawo mai saye, akwai kuma wanda bai yi komai ba illa yana zaune lokacin da aka yi maganar. In an raba huɗu, kowa ya tashi da jika 37 da rabi, bayan zirga-zirgar wata biyu. A wajen haya kuwa, abin da aka fi gani shi ne kuɗin wata ɗaya ko rabinsa. Gidan jika 40 zai ba da jika 20 ko 40, kuma kafin a dace da mai so sai an buɗe ƙofar ga mutum goma, wasunsu ma kallo kawai ya kawo su. Daga nan ne ɗabi'ar karɓar kuɗin zuwa ganin gida ta samo asali, wadda masu neman haya ke tsinewa kullum, musamman in an kai su gidan da dillali ya san tun jiya an ba wani.

Albashi, komai ƙanƙantarsa, yana da rana. La'ada ba ta da ita. Wanda ya saba a ƙarshen wata ya je banki, yakan kasa riƙe kuɗin da ya shigo dunƙule, ya manta cewa damina na tafe, lokacin da gini ke tsayawa kuma masu kuɗi ke mai da hankali ga gona. Waɗanda suka zauna da gindinsu a sana'ar galibi ba da sayarwa suka zauna ba, da riƙon gidaje ne. Alhajin da ke da gidajen haya goma a Ali Ɗan Tsoho ko Sabon Kare ba ya da lokacin bin ƴan haya, ɗan ƙasar da ke ci-rani a Abijan ko Kwatano ma haka. Mai karɓar masa haya, ya biya kuɗin ruwa da na NIGELEC, ya kira magini in rufi ya yi yoyo, ya rubuta komai a littafi, yana samun kasonsa kowane wata. Aiki ne maras armashi, mai yawan jin baƙar magana, amma shi ne ya fi kama da albashi, kuma a nan ne tsohon akawu ke fin kowa.

Akwai wata hanyar samu da kowa ya sani, ba kowa ke faɗa ba. Mai fili ya ce miliyan 3 yake so, dillali ya je ya ce wa mai saye miliyan 3 da rabi, ya hana su haɗuwa, ya soke rabin miliyan a aljihu, sannan ya karɓi la'ada daga ɓangarorin biyu. Masu yi suna kiransa wayo. Malamai ba su taɓa kiransa haka ba, kamar yadda fiƙihu ya hana ɓoye aibin kaya, ya kuma hana a sa wani ya yi tayin ƙarya don farashi ya hau. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta tun yarjejeniyar 1993, ita ma ta yi magana a kan dillali: ya tsaya tsakiya ba tare da ya jingina da wani ɓangare ba, ya sanar da su abin da ya kamata su sani, ladansa kaso ne na kuɗin ciniki, kuma yana cancantarsa ne idan cinikin ya faɗa. A gari irin Tawa ko Maraɗi ma ba sai an kai ga alƙali ba. Mai saye da mai sayarwa za su haɗu a wajen suna ko jana'iza, kuma magana za ta fito.

Gidan magada da gidan kwari

Abu biyu ne suka fi kai sabon dillali ofishin jandarma. Na farko gado. Tsofaffin gidajen tsakiyar gari, masu daraja saboda kusancinsu da kasuwa, kusan dukansu na magada ne. Babban wa zai zo da takarda da rantsuwa cewa kowa ya yarda. In babu takardar taron dangi da kotu ta tabbatar, wadda ta naɗa shi wakili, to maganarsa iska ce. Ƙanwar da ke aure a Katsina tana da haƙƙi, marayun ɗan'uwan da ya rasu bayan mahaifin suna da haƙƙi, kuma a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da ikon shuf'a, wato ya mayar wa baƙo kuɗinsa ya karɓi kason da aka sayar. Babban wan zai ci kuɗi ya yi tafiya. Dillali ne ke nan gindin bedi, inda kowa ya san za a same shi.

Na biyu ruwa. Fili ba ya faɗin gaskiya da rani. Maraɗi ta san wannan tun 1945, lokacin da Gulbi ya cinye tsohon gari aka komo bisa tudu. Yamai ta gani a 2012, ta sake gani a 2020 da kogin Kwara ya fasa madatsa ya shiga unguwannin Harobanda. A daminar 2024 Maraɗi ta yi asarar rayuka da gidaje masu yawa, a Damagaram kuma tsohon masallacin Birni ya rushe a farkon Satumba. Duk da haka, da an shiga Maris sai a ga ana nuna wa mutane filaye a hanyar ruwa, ƙasa a bushe, farashi da sauƙi. Tsohon dillali ya san inda ruwa ke kwana domin ya yi wanka a wurin yana yaro. Sabo, wanda aka yi wa canjin aiki zuwa garin shekara biyar da suka wuce, sai ya tambayi tsofaffi, ko ya jira Agusta ya je ya gani. A Yamai akwai ƙarin tarko, wato dajin bedin da aka fara dasawa a 1965 don ya kewaye birnin, wanda aka yi ta yanka ana sayarwa, rigimarsa kuma ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Kafin a ajiye mabuɗin ofis

Dokar aikin gwamnati ba ta yarda ma'aikaci ya riƙe sana'ar neman riba a gefe ba, in ban da ƴan abubuwan da ta keɓe. Kowa ya san ana yi. Amma wanda ke aiki a sashen filaye da safe, ya koma dillalin filayen nan da yamma, ba canjin sana'a ya yi ba, cin amana ne, kuma irinsa ne suka ɓata sunan sauran. Ga mai son fita ta ƙofa, doka ta tanadi hutun ajiye aiki na wani lokaci ba albashi, abin da ake kira «disponibilité». Mai hankali shi yake fara nema, ya gwada kasuwar shekara ɗaya ko biyu, domin wanda ya yi murabus kai tsaye yana iya raba kansa da fanshon da ya yi shekaru yana tarawa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Wanda ya yanke shawarar zama kuma, hanyar a buɗe take: rajistar kasuwanci, lambar haraji ta NIF, ɗan shago mai suna a ƙofa, rasit ga kowane kuɗin da ya shiga hannu, da al'adar kai babban ciniki gaban noter maimakon a ƙare shi bisa tabarma da shaidu biyu. Wasu na ganin wannan kiran masu haraji ne da bakinka. Amma ƙungiya ko kamfani ba sa ba da hayar ofis ga mutumin da ba ya da rasit, haka ma mai kuɗin da ke ƙetare ba ya tura miliyoyi ga wanda adireshinsa gindin itace ne. Su ma masu shagon ba su tsira daga juyin zamani ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakoki ya ƙuntata fitar da kuɗi a bankuna har zuwa Fabrairu na 2024, sojojin Faransa suka fice a ƙarshen 2023, na Amurka suka biyo baya a 2024, baƙi da yawa suka tattara. Waɗanda suka dogara da manyan gidajen Plato da Kwara Kano sun ji a jikinsu. Mai ɗaki biyu da falo a Talaje bai rasa ɗan haya ba.

Saura abin da ba ya cikin doka ko lissafi, shi ne suna. Mutumin da aka shekara ashirin ana ce masa mushe, ana tashi in ya shigo, yanzu zai tsaya a ƙofar alhajin da bai taɓa shiga aji ba, yana jiran a farka daga barci. Surukai za su yi tambaya, tsofaffin abokan aiki za su gaishe shi da wata irin murya. Wasu wannan kaɗai ke mai da su biro. Waɗanda suka jure kuwa sukan tarar cewa tsohon sunan ne jarinsu. Yaran da mushe ya koya wa karatu a shekarun 1990 su ne yau ƴan kasuwa da jami'an duwan da likitoci, wasu a Kano, wasu a Lome, wasu a Faransa. In ɗayansu ya tashi sayen fili a gida, ba allo yake dubawa ba. Lambar tsohon malaminsa yake nema, ya turo saƙon murya ta WhatsApp, ya ce a duba masa, a kuma ɗauko hoton duwatsun iyaka.